Hawan Dutsen Tubkal cikin dusar ƙanƙara: kwana biyu sun isa ga wanda ya taso daga Abuja?

Nasiru, Gwarimpa (Abuja)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar hawan manyan duwatsu.

Mu tara ne, maza shida mata uku, duk Asabar muna fita hawan duwatsun da ke kewayen Abuja. Bana mun haɗa kuɗi muna son zuwa Maroko a watan Janairu mu hau Tubkal lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi. Kamfanonin da muka tuntuɓa tsari biyu suka kawo mana. Na farko kwana biyu: a ɗauke mu daga Marakesh da sassafe, mu kwana a masaukin kan dutse, washegari mu taka ƙololuwa mu sauko. Na biyu kwana biyar zuwa shida, kuɗinsa kuma ya fi ninki. Yawancin 'yan tafiyar sun karkata ga na farko saboda ƙarancin hutu da kuma aljihu.

Babu wanda ya taɓa taka dusar ƙanƙara a cikinmu. Shin kwana biyun za su yi? Kayan sanyi da takalma saye ake yi ko haya? In muka je Jos muka yi sati muna hawan Shere, jikinmu zai saba da tsayin? Sannan mutum biyu a cikinmu jininsu AS ne, ko akwai matsala? Allah Ya saka da alheri.

Malam Ɗanjuma, Tudun Wada (Jos)

Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Bari lissafi ya amsa tambayarka ta farko.

Tsayin Tubkal mita 4,167 ne, babu dutsen da ya kai shi a Arewacin Afirka. Marakesh kuwa tana wajen mita 460, kusan ɗaya da Abuja. Daga can mota za ta kai ku ƙauyen Imlil cikin awa ɗaya da rabi, mita 1,740, nan ake sauka. Sai ƙafa: a wuce ƙauyen Arumd, a bi kwari zuwa Sidi Shamharush mai farin dutsen nan da ake ziyarta, wajen mita 2,350, sannan a miƙe zuwa masaukai guda biyu da ke jere da juna a mita 3,200 da 'yan kai. Duka-duka wajen kilomita 11 ce, amma awa biyar zuwa shida take ci, in dusar ta sauko ƙasa-ƙasa har bakwai.

To ka ga abin da tsarin kwana biyu yake nufi: asuba a mita 460, isha'i a mita 3,200. Ba ka gama hutawa ba a tashe ka cikin duhu ka ƙara mita 960 zuwa ƙololuwa, sannan a ranar ka gangaro mita 2,400 har Imlil, tafiyar awa goma zuwa sha biyu a jikin da bai samu barcin kirki ba. Don lokacin zafi aka tsara shi, sa'ad da hanyar tsakuwa ce zalla. A Janairu akwai abin da ba a ba shi gurbi a ciki ba sam, wato lokacin koyon tafiya da kirampon, haƙoran ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, da riƙon gatarin ƙanƙara. Mutum tara da ba su taɓa ɗaura ƙarfe a ƙafa ba, a ce darasinsu na farko shi ne gangaren da ke saman masauki, cikin duhu, dusa ta kwana ta daskare kamar siminti? Araha ba ta ado.

Ga tsarin da ya dace da ku. Daren farko a Imlil. Rana ta biyu ku hau mashigar Tizi Mzik, wajen mita 2,480, ku dawo ku sake kwana a Imlil, don hawa sama da rana a dawo a kwana a ƙasa shi ke saba wa jiki. Rana ta uku ku tafi masauki a hankali. Ta huɗu kacokan darasi ce: da safe a kan gangare mai sauƙi kusa da masauki, da rana a ɗan haura zuwa mita 3,600 a dawo. Ta biyar ƙololuwa. Ta shida ajiya ce saboda iska ko sabuwar dusa, in ba a buƙace ta ba a sauko cikin natsuwa. In hutu ya yi ƙaranci a yanke kwanakin yawon kasuwa a Marakesh, kar a taɓa rana ta huɗu.

Batun Jos, ku zo mana, amma kar ku ɗauka jiki zai saba da tsayi a nan. Garin Jos wajen mita 1,200 yake, ƙololuwar Shere kuma mita 1,829, wato da kaɗan ta ɗara Imlil inda tafiyar take farawa. Ko Chappal Waddi na Taraba, da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, masaukin da za ku kwana ya fi shi da kusan mita 800. Amfanin Shere na ƙafa ne da takalmi. Ku fara wata uku kafin tafiya, da jaka mai kilo 7 zuwa 8 a baya, kuna hawa kuna sauka har jimillar hawan wuni ta kai mita 800 zuwa 1,000. A yi shi kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi, don gajiyar rana ta biyu ita ake son jiki ya sani. Ku ba gangarowa muhimmanci, cinya da gwiwa a sauka suke gazawa.

Alfadarai ba sa shiga dusa mai zurfi. A hunturu sau da yawa a Sidi Shamharush suke tsayawa, daga nan sai 'yan dako, don haka ku tambaya ko ladansu yana cikin farashi, da kilo nawa aka yarje wa kowa. Sannan tun ƙarshen 2018 hukuma ta hana hawa ba tare da jagora ba, kuma akwai shingen jami'an tsaro a hanya da ke duba fasfo. Fasfo ya zauna a jakar da ke bayanka, ba a kayan da alfadari ya yi gaba da su ba.

Hajiya Rabi, likita (Abuja)

Malam Ɗanjuma ya gama magana kan kwanaki. Ni ɓangaren lafiya zan taɓa, kuma da 'yan AS zan fara, Nasiru, don ka kyauta da ka tambaya.

A ƙololuwar Tubkal kowane numfashi yana kawo kusan kashi 60 cikin 100 na oksijin da mutum yake shaƙa a bakin teku. Mai AS lafiyarsa ƙalau a gida, amma in ƙarancin oksijin ya haɗu da wahala da ƙishirwa da sanyi, wasu ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su toshe jijiyoyin saifa. Yawancinsu suna hawa su sauko ba abin da ya same su, sai dai abin yana faruwa, kuma gaggawar hawa tana ƙara haɗarinsa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba kafaɗar hagu, da tashin zuciya. Kar a ce ulsa ce a ba shi magani a ce ya daure. A tsaya, a ba shi ruwa da oksijin in akwai, a sauko da shi asibiti, a kuma faɗa wa likitan can cewa AS ne. Su biyun su ga likita kafin a biya kuɗi, jagora ma ya san da su. Mai SS ko SC kuwa, da mai juna biyu, su haƙura da wannan tafiya. Sauran bakwai ɗin kowa ya je ya yi gwajin sikila, kar a dogara da "ina jin AA ne."

Ciwon tsauni na yau da kullum yakan bayyana awa 6 zuwa 12 bayan an isa: ciwon kai, ƙin abinci, tashin zuciya, jiri, kasala. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi, hasali ma matashin da ke ji da kansa, wanda kullum shi ne a gaba, yakan riga kowa kwanciya. Ƙa'idar guda ce, mai alamu ba ya ƙara hawa. Ya sha farasitamol, ya huta a inda yake, in bayan kwana ɗaya bai ji sauƙi ba ko abin ya ƙaru, ya sauka.

Abu biyu ne ke kisa. Ɗaya kumburin ƙwaƙwalwa: tangaɗi, ruɗewa, maganar da ba kai ba gindi, barci mai nauyi. Gwajinsa mai sauƙi ne, a ja layi a ƙasa a ce ya taka, dunduniya tana taɓa yatsun ɗaya ƙafar. In ya kasa, magana ta ƙare. Ɗayan kuma taruwar ruwa a huhu, wadda ta fi zuwa daga dare na biyu zuwa na huɗu: haki ko yana zaune, tari, mutumin da jiya yake tafiya daidai yau ya kasa bin sahu, can gaba kaki mai kumfa ruwan hoda. Maganin duka biyun sauka ne nan take, ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, kuma ba shi kaɗai ba. Dezametason da nifedifin da ake riƙewa a akwatin magani lokaci kawai suke saya kafin a sauko.

Tunda tsallen Imlil zuwa masauki kusan mita 1,500 ne kuma ba yadda za a yi da shi, a ganina Diamox, maganin rigakafin ciwon tsauni, ya dace da ku. Miligiram 125 safe da yamma, wato rabin ƙwayar 250, a fara kwana ɗaya kafin a tafi masauki, a ci gaba har a fara saukowa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, lemon kwalba kuma ya koma ba daɗi a baki, duk wannan ba abin tsoro ba ne. Amma wanda Septrin ko Fansidar suka taɓa kumbura shi ko suka saɓule masa fata kar ya kusance shi. Likita ne zai rubuta, a kuma gwada shi a gida sati biyu kafin tafiya. Masu AS su ƙara shan ruwa in suna kansa. Ban da tiramadol, ban da kodin, ban da maganin barci, don suna danne numfashi da dare.

Ga abin da jagoran da ya saba da Turawa ba lallai ya lura da shi ba. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin takan ƙara lamba a baƙar fata, ta nuna lafiya lau alhali jini ya yi ƙasa, don haka a yarda da halin da mutum yake ciki fiye da lambar. Shuɗin da ake nema a fuska ma ba ya fitowa a fatarmu, sai a duba harshe da cikin leɓe. In sanyi ya fara cin yatsa ko hanci, wurin yakan yi toka-toka, ya taurare, ya daina jin taɓi. A cusa shi a hammata ko a kan fatar cikin abokin tafiya, ban da murzawa, ban da kara shi a wuta.

Ku yi gwajin maleriya kafin ku tashi, ku kuma riƙe abin gwaji da maganinta. Ciwon tsauni ba ya kawo zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, wanda ya taso daga Abuja ya yi haka a fara zargin sauro. Sannan in an kunna muku hita ta gas ko gawayi a ɗakin kwana a Imlil, a bar taga a ɗan buɗe, a kashe kafin barci. Mutanen Jos sun san ɓarnar da gawayi yake yi a rufaffen ɗaki, kuma ciwon kansa iri ɗaya ne da na tsauni.

Bitrus, Bukuru

Sannu da ƙoƙari Likita. Oga Nasiru, batun kaya, kuɗinka ya fara tafiya kan takalmi.

Ana son mai taurin tafi, wanda ake kira B1 aƙalla, B2 ya fi. Ka riƙe kai da dunduniya ka lanƙwasa, in ya naɗe a hannunka ka ajiye shi, don kirampon ƙarfe ne, in takalmi yana lanƙwashewa a kansa zai suɓuce, kuma a kan gangare zai yi hakan. Ya fi lambar ƙafarka da rabi ko ɗaya, yatsa guda ya shiga bayan dunduniya, yatsun ƙafa kar su daki gaba in kana gangarowa. Takalmin da ya matse shi ke kawo daskarewar yatsu, haka ma safa mai kauri biyu. Safar ulu ɗaya mai kyau ta wadatar. Kirampon da gatari da sandunan tafiya da buhun barci duk ana haya a Imlil, ba sai kun saya ba. Takalmi ma akwai, amma mai ƙafa 45 zuwa sama da mata masu ƙananan ƙafa su aika lambarsu tun da wuri, kuma wanda ka saya ka yi wata biyu kana takawa ya fi na haya nesa ba kusa ba.

A gwanjon Katako nan Jos ko Karmo can wajenku za ku samu rigunan ulu da jaket mai gashin tsuntsu masu kyau da sauƙi. Takalmin gwanjo ne abin tsoro. Robar da ke tsakanin tafi da fata tana ruɓewa in ya daɗe a ajiye, a ido sabo fil, a yi awa uku da shi tafin ya ɓalle. Ka danna wurin da farce, in ya yi gari ko ya tsage ka bar musu kayansu.

Kafin fitowar rana sanyin saman yana kaiwa digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifili, iska kuma ta ƙara masa. Duk da haka zufa ce ke kayar da mutane. Auduga tana shan zufa ta riƙe, kana tsayawa ta koma ƙanƙara a jikinka, don haka babu singileti, babu jins. A jikin fata rigar roba mai dogon hannu, irin ta 'yan ƙwallo ma ta yi, a kanta ta ulu, a waje mai tare iska da ruwa. Babbar jaket tana cikin jaka, sai an tsaya hutu a saka, a cire kafin a tashi. Ka fita daga masauki kana ɗan jin sanyi, minti goma zai wuce. Mata su nemi ƙaramin hijabi wanda ba auduga ba a cusa shi cikin jaket, da riga mai kaiwa cinya a kan wando. Abaya ko siket ko wando mai faɗin ƙafa, haƙorin kirampon zai kama shi ya kifar da mutum, shi ya sa ake ɗaura geta a rufe ƙwauri.

Safar hannu uku: siririya, mai kauri, da ta ajiya a jaka, don iska takan ɗauke ɗaya. Tabarau mai lambar duhu 3 ko 4 da ke rufe gefen ido, ko da akwai gajimare. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido, kuma ba a jin komai sai da dare, ido ya yi ja ya kasa buɗuwa. Man kariyar rana a fuska da leɓe, baƙar fata ma tana ƙonewa a can. Tocilan goshi da batir na ajiya, waya a aljihun ƙirji don sanyi yana shanye caji. Ruwa lita biyu a gora mai faɗin baki, a saka ta cikin safa a kife ta, saboda daga sama ruwa yake fara daskarewa. Jakar ruwa mai tiyo ba ta da amfani, tiyon ne zai fara toshewa. A ƙara da filas na shayi mai sukari, da dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli a aljihun da hannu zai kai ba sai an sauke jaka ba.

Kirampon a daidaita shi da takalmi tun da dare a cikin masauki, kowa ya ɗaura ya kwance har sai ya iya da safar hannu. Maɗaurin yana gefen waje, a sake tsuke shi bayan minti goma sha biyar na tafiya. A ware ƙafa kaɗan, a ɗaga ta sosai, a dasa haƙoran duka a ƙasa. Wanda ya taka da gefen ƙafa yadda aka saba a kan dutse, rabin haƙoransa suna iska. Da rana dusa tana laushi ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafa har haƙoran su daina kamawa, sai a riƙa buga gefen takalmi da ƙotar gatari. Gatari kullum a hannun da ke ɓangaren tudu, in hanya ta juya a canza hannu. In an zame: a juya rub da ciki nan da nan, bakin gatari a dusa daidai kafaɗa, ƙota a gicce a ƙirji, a danna da nauyin jiki, gwiwa a ƙasa, ƙafafu a sama. In haƙori ya kama ƙasa ana cikin gudu, ko idon sawu ya karye ko mutum ya wuntsila. Shi ya sa ba a zama a sulalo da kirampon a ƙafa, kome daɗin da abin ya yi wa ido.

Nasiru, Gwarimpa (Abuja)

Kai, madalla. Na gode Malam Ɗanjuma, na gode Likita, na gode Yaya Bitrus. Na tura wa 'yan tafiya, an koma kan tsarin kwana shida. Saura tambaya biyu. Kamfanin ya ce jagora ɗaya zai ba mu mu tara, wai hanyar ba ta da wuya. Ya isa? Sannan yaya ake yi da alwala da salla a irin wannan sanyi?

Hajiya Binta, Wuse (Abuja)

Bai isa ba, ƙanina. Gaskiya ne hanyar ba ta buƙatar hawan bango, amma ka tambaye su abu ɗaya: in mutum guda ya kasa a mita 3,800, wa zai sauko da shi? Ko dai ku tara ku juyo gaba ɗaya, ko a bar mara lafiya shi kaɗai, ko a bar takwas su ci gaba babu jagora. Ga sababbin shiga a hunturu, jagora ɗaya ga mutum huɗu ko biyar shi ne hankali, wato jagora biyu ne mafi ƙaranci a gare ku, uku kuma ya fi tunda kuna da masu AS. Ƙarin kuɗin in an raba shi tara ba wani abu ba ne.

Kafin ku tura kafin alƙalami, su rubuto muku sunayen jagororin da hoton katinsu na Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, da tabbacin cewa sun saba aikin hunturu, don wanda ya ƙware a lokacin zafi ba lallai ya iya koyar da tsayar da kai da gatari ba. Su faɗi ko suna riƙe igiya da akwatin magani, da yadda suke kiran taimako inda babu sabis. Su rubuta abin da zai faru da kuɗinku in yanayi ya hana hawa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin jagoran da aka ɗaura ladansa a kan sai an taka ƙololuwa zai yi nauyin bakin cewa a juya.

Inshorar tafiya kuma a karanta ƙananan rubutun. Da yawa suna da iyakar tsayi da ba ta kai mita 4,167 ba, wasu kuma suna cire duk hawan da aka yi da kirampon da gatari. Ku nemi wadda ta ambaci tsayin, da aikin ceto, da dawo da mara lafiya gida. Kar ku sa rai da jirgi mai saukar ungulu, galibi a kafaɗa ake sauko da mutum har inda alfadari zai karɓa. Biza ku nema da wuri, kuɗi kuma ku canza a Marakesh, a kan dutse tsabar dirhami ce ke aiki.

Malam Habibu, Anguwan Rogo (Jos)

Malam Nasiru, agogon Maroko ɗaya ne da namu in ba a watan azumi ba, amma lokutan salla sun sha bamban. A Janairu alfijir sai wajen ƙarfe 7, rana kuma sai wajen 8:30 take fitowa. In jagora ya ce a tashi ƙarfe 5:30, asuba za ta riske ku a tsakiyar gangare. Ku yi magana da shi tun da dare, mutanen yankin Musulmi ne, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ko a jinkirta fita a yi salla a masauki, ko ya zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe da za a tsaya.

A yi alwala da ruwan ɗumi a masauki, a tsane ƙafa da tsakanin yatsu sarai kafin a sa safa. In ta warware a sama, jiƙa hannu da ƙafa cikin wannan iska cutarwa ce, kuma taimama ta halatta ga mai tsoron cuta. Dutse yana ko'ina, Ahalari ma ya lissafa dusar ƙanƙara cikin abin da ake taimama da shi. Ku matafiya ne, kuna da ƙasaru, batun haɗa azahar da la'asar kuma ku zauna da malaminku kafin tafiya. Ku duba kalanda ma, a 'yan shekarun nan azumi ta Fabrairu yake zagayowa, kar ranakunku su gangara cikinsa.

Malam Ɗanjuma, Tudun Wada (Jos)

Na goyi bayan a yi asuba a masauki, fita da ɗan haske ma ta fi wa sababbi a gangaren farko. Amma sai a ɗaure lissafin lokaci. In kun fita 7:15, hawan yana cin awa huɗu zuwa biyar, sauka biyu zuwa uku. Ku yanke tun da dare cewa ƙarfe 1 na rana duk inda aka kai a juya, ko da ana hango dalar ƙarfen da ke kan ƙololuwa. Kowa ya amsa da bakinsa a gaban jagora, don a sama ƙarancin oksijin da kuɗin da aka kashe suna sa mutum gardama.

Wurin yanke hukunci na biyu shi ne mashigar Tizi Tubkal, wajen mita 3,940, inda ake fita daga kwari iska ta samu mutum sosai. In tana ture mutum a tsaye, a nan za a tsaya, domin a gaba akwai wurin da ake ratsa gangare a gicce, ƙasansa kuma rami ne mai zurfi, zamewa a nan ba ta barin lokacin dasa gatari. A wannan wurin a jera da tazara, ban da ɗaukar hoto, wanda ƙafarsa ke rawa jagora ya ɗaura shi a gajeriyar igiya.

In sabuwar dusa ta zuba da yawa, a ba ta awa 24 zuwa 48 ta zauna. Zaftarewa ta fi faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, musamman inda iska ta tara dusa ta yi ɓawo a sama. In kuka ji ƙasa ta yi "wuf" ta ɗan nutse a ƙarƙashinku, ko tsaga ta gudu daga bakin takalmi, ku faɗa wa jagora a take. Irin wannan ranar aka ajiye wa kwana na shida, don haka kar ku sayi tikitin dawowa na washegarinsa da sassafe, ku bar dare ɗaya a Marakesh tsakanin sauka da jirgi.